Ciwon Sanyi Da Ƙanjamau: Ko Waya Za Ta Iya Isar Da Saƙon Da Baki Ya Kasa?

Akwai wata magana guda ɗaya da likitoci ke faɗa wa duk wanda aka samu da ciwon sanyi, ko tunjere, ko ƙanjamau, kuma ita ce maganar da yawancin mutane ke ajiyewa a ƙofar asibiti in za su fita. Maganar kuwa ita ce, je ka gaya wa iyalinka, ko wadda kuka yi tarayya da ita, ta zo a duba ta. Mutum zai yanki kati, ya karɓi allura, ya haɗiye ƙwaya ba gardama, amma wannan ɗan saƙo sai ya gagare shi ɗauka.

Ga 'yan Arewa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Obalende, da sauran unguwannin Ikko, abin ya fi wuya, domin sau da yawa wadda za a gaya wa ba ta kusa. Tana Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, tafiyar kwana da yini a mota, kuma sai da salla ko da faɗuwar damina ake ganin juna. Tun zamanin da fataucin goro da jirgin ƙasa suka tara Hausawa a Agege haka zaman yake: maigida a Kurmi yana nema, iyali a gida suna jira. Abin da ya sake shi ne, tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, yanzu da wuya a sami ɗan acaɓa, ko mai shayi, ko mahauci a Oko-Oba, wanda ba ya iya jin muryar matarsa a duk lokacin da ya so. To, shi ya sa masana kiwon lafiya ke tambaya, tun da wayar nan tana kai kuɗin cefane gida cikin ƙiftawar ido, me zai hana ta kai wannan saƙo mai nauyi?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa likitoci suka nace a kan maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu da ake ɗauka ta hanyar saduwa waɗanda kuma ake iya warkarwa, watau fiye da miliyan ɗaya ke nan a kowace rana. A cikinsu ainihin ciwon sanyi, wanda likitoci ke kira gonoriya, ya kai miliyan 82. Namiji in ya kamu da shi yakan sani cikin 'yan kwanaki, don zafin fitsari da ruwan da ke fita ba za su bar shi ya zauna ba. Mace kuwa tana iya ɗauke da shi wata da watanni ba ta ji komai ba, alhali yana hawa cikin mahaifa yana toshe hanyar ƙwai. Ƙarshenta sai a wayi gari shekara biyar ba haihuwa, dangin miji su fara gunaguni, a kai ta wajen mai magani, a yi mata kishiya, ita ma kishiyar ta kwashi rabonta. Tunjere ya fi haka muni ga mai ciki, domin yana kawo ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko a haife shi da cutar, alhali kuwa allurar fenisilin da aka yi da wuri ta isa ta hana wannan duka. Kuma ko don kansa ne ya kamata namiji ya damu: in ya sha magani ya warke, ya koma gida da salla wajen matar da ba a yi wa magani ba, to, da cutarsa zai komo Ikko.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake neman maganin. Da yawa ba sa zuwa asibiti ko kaɗan. Kemis ne, a sayi kafso biyu ko uku, ko kuwa mai lasifika a tasha da kwalaben maganin sanyi. Zafin ya lafa, mutum ya ɗauka ya rabu da cuta. Irin wannan shan magani rabi da rabi shi ya sa ƙwayar gonoriya ta daina jin magunguna da dama da a da suke kashe ta, har yanzu a mafi yawan ƙasashe allura guda ake dogara da ita, watau seftiriyazon. Mai kemis kuwa ba zai tambayi kowa labarin matarsa ba.

Yadda Turawa suka fara

Dabarar sanar da abokan tarayya ta hanyar na'ura daga Amurka ta taso. A 1999 ma'aikatan lafiya na birnin San Faransisko suka ga tunjere yana yaɗuwa tsakanin wasu mutane da suka haɗu a wani zauren hira na intanet. Da aka tambayi masu ciwon su faɗi waɗanda suka yi hulɗa da su, sai ya zamana ba su san sunansu na gaskiya ba, balle gidajensu, sai dai laƙabin da suke amfani da shi a zauren. Dole ma'aikatan suka bi su ta can. Daga nan ne a 2004 aka kafa wani shiri mai suna inSPOT, inda mai ciwo zai aika wa mutum katin saƙo ta intanet, da sunansa ko ba suna, cewa ya je a gwada shi. Ostireliya ta yi nata a birnin Melbon, wanda ke aika gajeren saƙo ta waya, Ingila ma ta yi wani mai suna SXT da asibitocin Landan ke amfani da shi.

A takarda abin ya yi kyau ƙwarai: ba kunya, ba haɗa ido, ba kuɗin mota. Amma da aka bi diddigi, bincike biyu da aka buga a 2011, ɗaya daga Denba ɗaya daga Siyatil, sun nuna cewa kaɗan ne ƙwarai cikin masu zuwa asibiti suka yi amfani da katin. Mafi yawa sun gwammace su faɗa da bakinsu, ko su kira, ko kuma su yi shiru abinsu kamar yadda aka saba. Wannan fa a ƙasar da kowa ya iya karatu ke nan, kowa kuma yana da wayarsa shi kaɗai.

A nan Afirka kuwa wata hanyar ce ta ba da amfani, kuma ita ma da waya ake yin ta, sai dai akwai mutum a bayan wayar. A Lilongwe ta ƙasar Malawi an raba waɗanda aka samu da ƙanjamau kashi uku. Waɗansu aka ce su je su faɗa da kansu. Waɗansu aka ba su mako guda, in abokin zamansu bai zo ba ma'aikacin lafiya ya neme shi. Waɗansu kuma tun farko ma'aikacin ne ya ɗauki nauyin nema. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa inda aka bar wa mai ciwo shi kaɗai, kashi 24 cikin ɗari ne na abokan zaman suka zo, amma inda ma'aikaci ya sa hannu an sami kashi 51. A Kenya, a wani babban bincike da aka buga a 2017, ratar ta fi haka: kashi 67 cikin ɗari suka yi gwaji inda ma'aikata suka nemi mutane nan da nan, kashi 13 kacal inda aka jinkirta. Asibitocin mishan na Baptis a Kamaru, maƙwabciyar Nijeriya, sun soma irin wannan aiki tun 2007. Bisa ga irin waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a watan Disamba na 2016 cewa a riƙa taimaka wa mai ƙanjamau wajen sanar da abokan tarayyarsa, da sharaɗin ya yarda don kansa, ba tilas, kuma ba za a faɗi sunansa ba sai da izninsa. Nijeriya ta karɓi wannan tsari, ana kuma aiki da shi a asibitocin da ke ba da maganin ƙanjamau.

Abin lura a nan shi ne, ba na'urar ce ta kawo mutanen Lilongwe asibiti ba. Ma'aikacin da ya kira, ya sake kira, in ta kama ya taka har gida, shi ne ya kawo su.

Saƙon da ba suna a garin 'yan damfara

Yanzu a ɗauko wancan saƙo na Amurka a jefa shi cikin wayar wani bawan Allah a Agege. Lamba ce da bai sani ba, da Turanci, tana cewa wani da ka yi hulɗa da shi yana da cuta, latsa nan. Wanda ya kwana biyu a Ikko ya san abin da ake yi da irin wannan saƙo: gogewa. Kullum sai an aiko masa cewa ya ci kyautar miliyoyi, ko an rufe asusunsa na banki sai ya turo lambar sirri. Mutanen garin nan sun koyi rashin yarda da saƙon waya, kuma sun biya kuɗin makarantar da tsada.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɓata ruwa. Cikin 'yan shekarun nan kamfanonin ba da bashi ta waya sun mai da lambobin da ke cikin wayar mutum makamin tozarta shi. Wanda ya makara da biyan naira dubu biyar sai a aika wa iyayensa da surukansa da abokan sana'arsa saƙo cewa ɓarawo ne, ko a haɗa hotonsa da sanarwar rasuwa, har akwai waɗanda jaridu suka ruwaito an yi musu ƙazafin ƙanjamau. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikin kamfanonin tarar naira miliyan 10, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, watau FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu a titin Opebi, nan cikin Ikeja. Sai a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. To, a garin da aka riga aka yi amfani da sunan cuta don karɓar bashi, yaya za a yi mutum ya bambanta saƙon asibiti da na maƙiyi? Kuma in aka buɗe wata kafa da kowa zai iya aika saƙon cuta ba tare da suna ba, me zai hana saurayin da aka ƙi, ko abokin gāba a kasuwa, ya yi amfani da ita ya kashe auren wani?

Sa'an nan ga ita kanta wayar. Masu tsara waɗannan abubuwa sun ɗauka waya ɗaya mutum ɗaya ce. A zango ba haka ba ne. Ana barin waya wajen mai caji tare da wasu ashirin. Ana ara wa abokin ɗaki ya kira gida. In ta lalace a kai ta kasuwar wayoyi ta Ikeja, a bar ta hannun yaron mai gyara tare da lambar buɗe ta. A ƙauye kuwa matar da ake son sanarwa wataƙila ba ta da waya, sai ta ƙanen miji ko ta surukarta, in ma tana da ita, saƙon rubutu sai ta kira ɗan makaranta ya karanta mata. A yi tunanin yaro ɗan shekara goma sha biyu yana karanta wa matar yayansa irin wannan saƙo a tsakar gida, gaban kowa.

Amma babban abin da ya rusa batun ɓoye suna shi ne aure kansa. An ƙirƙiri saƙon da ba suna ne don mutanen da ke da abokan hulɗa da yawa, waɗanda ba za su iya gane wanda ya aiko ba. Matar aure da ke zaune a ɗakinta, wadda ba ta san kowa ba sai mijinta, ba ta bukatar a faɗa mata suna. Tana gama jin saƙon ta san daga inda ya fito. Ke nan ba a ɓoye komai ba, an dai hana ta wanda za ta tambaya ne, an bar ta ita kaɗai da tsoro da ɓacin rai, mijin yana nesa, asibiti ma wataƙila yana nesa. In gidan mata biyu ne ko uku, kowace za ta fara kallon 'yar'uwarta.

In aka juya lamarin kuma, haɗarin ya fi girma. A ƙasar nan sau da yawa mace ce ake fara ganowa, ba don ita ta kawo cutar ba, sai don ita ce ke zuwa awon ciki inda ake gwada jini, shi kuwa maigida rabonsa da asibiti tun yana yaro. Wanda aka fara samu da cuta shi ake ɗora wa laifi. Saƙo ya sami namiji yana bakin aikinsa a Ikko cewa ya je a gwada shi, ya lissafa ya ga iyalinsa ce ta je asibiti makon jiya, to, wani kafin ya nemi likita ya riga ya aika da takardar saki ta wannan wayar. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce lalle ma'aikaci ya fara tambayar mai ciwo ko akwai tsoron duka, ko kora, ko yanke ciyarwa, in akwai a dakata a nemi wata dabara. Na'ura ba ta yin wannan tambaya.

Akwai kuma wani ilmi da gajeren saƙo ba zai iya ɗauka ba, alhali shi ne yakan ceci aure. Ba kowane ƙaiƙayi ko ruwa da mace ke gani ne cutar saduwa ba. Da yawa daga abin da ake kira sanyi a wajen mata wani abu ne dabam da ba ruwansa da namiji, kuma a ƙananan asibitocin da ba su da kayan gwaji da alamu kawai ake ba da magani. Ciwon hanta nau'in B mutane da yawa tun suna jarirai suka same shi, ko ta askar da ba a tsabtace ba. Ƙanjamau yana iya zama a jiki shekaru ba alama, ya yiwu tun kafin auren ne, ko daga auren fari, ko daga ƙarin jini. Saboda haka kiran mutum gwaji ba shaidar zina ba ne a kan kowa. Haka nan, a ɗaya gefen, zancen nan da ya cika gari cewa a banɗaki ake ɗaukar ciwon sanyi ba gaskiya ba ne, ko da yake ya rufa wa maza da yawa asiri. Duk wannan sai an zauna da mutum, ko aƙalla an yi magana da shi baki da baki cikin harshen da yake ji.

Doka ta ce me?

Dokar hana wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ta hana a bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana a kore shi daga aiki saboda cutar. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2007. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu. Wannan yana da muhimmanci, domin duk wani tsari na sanarwa ta waya dole ya tara sunaye da lambobi a wuri guda, kuma tun da aka umarta a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa a watan Disamba na 2020, lambar waya ta zama kamar sunan mutum. Abin da aka tara kuwa ana iya sace shi. A Singafo, ƙasar da ta fi Nijeriya tsaron na'ura nesa ba kusa ba, an wayi gari a watan Janairu na 2019 bayanan mutum 14,200 masu ƙanjamau suna yawo a intanet.

A gida kuwa hukuma ta bi ta wata ƙofar. Tun auren zawarawa da Hisba ta fara haɗawa a Kano a 2012 ake gwada jinin ango da amarya, a watan Mayu na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da na sikila kafin ɗaurin aure. Doka ce mai kyau, ta kuma nuna cewa malamai da iyaye sun karɓi gwaji a matsayin abin da bai saɓa wa addini ba. Sai dai ƙofar shiga kaɗai take tsaro. Ba ta ce komai ba game da magidancin da ya yi aure lafiya lau, ya tafi ci-rani wata takwas, ya komo. Kada kuma a ruɗu da ƙididdiga. Babban binciken da aka yi a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna mutum kimanin miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙanjamau a ƙasar nan, kuma yankin Arewa maso Yamma ne mafi ƙaranci da kashi 0.6 cikin ɗari, Kudu maso Yamma kuwa 1.2. Ƙarancin nan abin godiya ne, amma shi ne kuma ke sa matar ƙauye ba ta taɓa kawo wa ranta ta yi gwaji ba, sai ciwo ya kwantar da ita.

Darasin Ebola

Ikko ta taɓa ganin yadda waya da mutum ke aiki tare. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Abin da ya biyo baya shi ne bin sawun mutum 894, ma'aikata suna ɗauke da wayoyi suna shigar da zafin jikin kowa yana isa cibiya nan take, da taimakon ƙungiyar eHealth Africa wadda ke da babban ofishinta a Kano. Amma wayar rubutu kawai ta yi. Ma'aikatan sun taka ƙafa sun kai ziyara kusan 18,500 gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta rabu da cutar. Ebola dai ba ta da abin kunya irin na ciwon sanyi, amma tsarin aikin ɗaya ne.

To, a nan ne matsalar yau take. Mafi yawan masu ba da shawara da masu bin sawu a asibitocin ƙanjamau na ƙasar nan da kuɗin Amurka aka saba biyansu, a ƙarƙashin shirin PEPFAR da aka kafa a 2003. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. An bar maganin ceton rai ya ci gaba, gwamnatin tarayya ma ta ware naira biliyan 4.8 a watan Fabrairu na 2025 don sayen magani, Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar. Amma in kuɗi ya yi ƙaranci ƙwaya ake fara saye, ma'aikacin da ke kiran waya shi ake fara sallama. Ko shakka babu za a sami masu zuwa da shawarar cewa a maye gurbinsa da saƙon na'ura tun da ya fi araha. Araha kam ya fi, sai dai alƙaluman Malawi da Kenya sun riga sun nuna inda amfanin yake.

Wannan ba ya nufin a yar da wayar. Ga ɗan ci-rani ma ita ce kaɗai gadar da ke akwai, sai dai a san yadda za a hau ta. Kira ya fi rubutu, Hausa ta fi Turanci, mace ta kira mace. Ma'aikaciya ta yi sallama, ta tabbatar wadda take nema ce ke riƙe da wayar kuma ba kowa kusa, ta ce Hajiya daga asibiti ne, ana so ki zo a duba lafiyarki, ba ta ambaci cuta ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Mafi kyau ma maigidan ya kira da kansa yana zaune gaban ma'aikacin, ya fara magana, in ta sarƙe masa ya miƙa wayar a yi bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan hanya, tana cikin waɗanda ta amince da su. In rubutu ya zama dole, to, ya fito da sunan asibitin da aka sani, da lambar da za a iya kira a ji mutum.

Abin da ya rage, kuma shi ne babban giɓi, shi ne haɗa asibitin Kudu da na Arewa. Ba shi da amfani a ce wa matar da ke Ɗambatta ta zo Ikeja. Kamata ya yi ma'aikacin babban asibitin Orile Agege, ko na Ifako-Ijaiye, ko asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, ya iya kiran takwaransa a asibitin Murtala na Kano, ko na Aminu Kano, ko wanda ya fi kusa da garin matar, ya ba da lamba maimakon suna, ta je can a duba ta a ba ta magani, labari ya komo cewa an yi. Wannan aiki ne da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, watau NACA, da ta Jihar Legas, da takwarorinsu na jihohin Arewa za su iya tsarawa ba tare da jiran kowa daga waje ba. Ga waɗanda iyalinsu ke Nijar kuwa sai an haɗa da hukumomin can.

Sarakunan Hausawa na Agege da sauran unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da direbobi da mahauta, suna da rawar takawa, amma tana da iyaka. Nasu shi ne su nemi gwamnatin jiha ta sa ma'aikatan lafiya masu jin Hausa, maza da mata, a asibitocin da jama'arsu ke zuwa, su kuma riƙa tuna wa magidanta cewa wanda zai tafi gida da salla ya biya ta asibiti tukuna. Ba nasu ba ne su san wanda ke da cuta, ko su riƙe lambar kowa. Ranar da sunan mutum ɗaya ya fita daga asibiti ya isa majalisar zango, daga ranar ba wanda zai sake ba da lambar matarsa.

Wanda kuma ya riga ya san halin da yake ciki, ba sai ya jira an gama wannan tsari ba. Yana iya komawa asibitin da aka duba shi, ya nemi mai ba da shawara, ya ce a taya shi sanar da iyalinsa, ya zaɓi hanyar da yake so da ranar da yake so. Ba a biyan kuɗin maganin ƙanjamau a asibitocin gwamnati, wanda kuma ya riƙe shansa har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa, mai ciki da ke shan magani kuma tana iya haifar ɗa lafiyayye. Na ciwon sanyi da tunjere kuwa, sharaɗin likita shi ne a yi wa miji da dukan matansa magani a lokaci guda, a kuma dakata da kusantar juna har kwana bakwai bayan kowa ya gama.